Ranar da Muka Kai Sitti Ɗa'if

Ko zan tsufa har in manta inda na ajiye haƙorana, akwai tafiya ɗaya da na san ba za ta fita daga kaina ba, wato ranar da muka ɗauki kakata daga Makka zuwa Ɗa'if a cikin motar da ke tuƙa kanta. Tafiyar ba ta da wani nisa. Mutane na zuwa su sha iska su dawo kafin la'asar. Amma mu a gidanmu an shirya mata kamar za a tsallaka Bahar Maliya a cikin kwano.

Lokacin ban wuce shekara sha huɗu ba, kuma ni ce fitinar gidan. Ba na ganin mutum sau biyu ban kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa ba. Mai tsiren kan titin Mansur, malamarmu ta lissafi, maƙwabciyarmu mai atishawa kamar an jefo buhu daga bene, duk suna cikin bakina. Shi ya sa kakata, mahaifiyar Ummana, ba ta kirana da komai sai Aku. Mu kuma muna ce mata Sitti, yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu mata.

Sitti ta zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa tana yarinya, ta Chadi da Sudan, a bayan manyan motocin kaya, kuma ta ce tun daga wannan tafiyar cikinta ya ƙulla gaba da duk wani abu mai taya. Da an rufe mata ƙofar mota sai gumi ya karyo mata, jiri ya biyo, sai amai har ta galabaita. Ni ina gaya wa ƙawayena cewa ko a talabijin ta ga mota sai ta nemi lemon tsami. Wannan ƙari ne nawa, amma ba ƙari mai yawa ba.

Abin dariyar shi ne direba ta aura. Kakana, wanda muke kira Sidi, ya ƙare rayuwarsa yana kai alhazai ziyara, yana kai su Jidda da Madina, a wata doguwar mota mai layin kujeru uku da ke ƙara kamar injin niƙa. A motarsa kaɗai ne Sitti ba ta taɓa yin amai ba. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Wasu sun ce sabo ne, wasu sun ce albarkar aure ce, aka bar maganar a nan. Da ya rasu, ina 'yar firamare a lokacin, sai duniyar Sitti ta tsuke ta koma iyakar inda ƙafarta za ta kai ta. Harami ma a ƙasa take zuwa, ta bi ta unguwar Tandabawi tana hutawa a inuwar shaguna. An taɓa gwada kai ta biki Jidda, ba a fita gari ba aka juyo da ita, ta kwana biyu ba ta ɗaga kai daga matashi ba.

Sai yayata, wadda ke aure a Ɗa'if, ta haifi ɗanta na fari, namiji. Umma ta riga ta tafi can don ta kula da ita. Washegari ta bugo waya ta ce mijin Yaya ya yanke shawara, sunan Sidi za a sa wa yaron. Sitti tana zaune a tabarma tana tsince zogale lokacin da na gaya mata. Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti. Ita fa tunda take ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ko yana raye ko bayan ransa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mai motar nan". Sai ta ce, kamar ba da ni take ba:

"To, in dai ya dawo, ai ni ya kamata in je in tarbe shi."

Na ce mata za mu iya kiransu ta bidiyo ta ga yaron. Ta dube ni kamar na ce ta ci tuwo da cokali mai yatsu.

"Ke Aku, ana jin ƙamshin jariri a gilashi ne? Ni zan yi masa wanka ranar suna. Ina so ina wurin a faɗi sunan in ji da kunnena."

Mai jego ba za ta fito da jinjiri cikin zafin Makka ba, suna kuma ba ya jiran kowa. Ko dai a kai Sitti Ɗa'if kafin ranar, ko kuma a yi babu ita. Nan maganar ta tsaya, kuma nan Kawu ya shigo.

Kawu shi ne ɗan farin Sitti. Wanda bai san gidajen Hausawa na da ba zai ɗauka gaba suke yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ko kallon fuskarsa. Kunyar ɗan fari ce, ta taho da ita tun daga gida kamar yadda ta taho da tukunyarta ta ƙarfe, kuma shekarun Makka ba su rage mata ko kaɗan ba. Shi kuwa a nan aka haife shi, a Jidda yake aiki, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kamar aro ya yi zai mayar da yamma. In ya zo gaishe ta sai su zauna a ɗaki ɗaya su nemi wanda zai tsaya a tsakiya, kuma yawanci ni ce.

"Ki tambayi wannan ko ya ci abinci," in ji ta, idonta a kan carbi.

"Guli laha alhamdulillah," in ji shi, wato in ce mata ya ƙoshi.

"Sitti, ya ce yunwa za ta kashe shi, a kawo masa kaza biyu."

Haka nake yi musu tafinta, kuma ba wanda ya taɓa korata daga aikin.

Kawu yana da nasa bayanin game da ciwon Sitti. A ganinsa laifin direbobi ne: wannan ya taka birki da ƙarfi, wancan ya fizgi sitiyari, wani ya tashi kamar ana binsa. Bai daɗe da sayen wata mota mai aiki da lantarki ba, irin wadda in an hau babban titi take riƙe layinta da kanta, ta rage gudu da kanta, ta bi kwana da kanta, direba dai ya ɗora hannu ya sa ido. Ya ce wannan ba ta da fushi, ba ta da gaggawa, ko kofin shayi aka ɗora ba zai zube ba. Yanzu da nake tunawa ina zargin saboda ita ya saye ta tun farko, amma ba irin mutumin da zai faɗa ba ne.

Ana gobe tafiya matan unguwa suka cika gidanmu, kowacce da maganinta. Wata ta kawo citta, wata kanumfari, wata ta ce a manna filasta a cibiya, wata 'yar Nijar ta rantse cewa in aka zauna a kan jarida ba a amai. Kawu ya kawo ƙwaya daga kantin magani, Sitti ta sa na mayar masa. Ta ce ta taɓa sha, kwana ɗaya ta yi ba ta san inda kanta yake ba, kuma ita ba za a kai ta gaban baƙo a sauke kamar buhun gero ba. Sauran kuwa duk ta karɓa don kada ta ɓata wa kowa rai. Da safe ta fito da kanumfari a baki, lemon tsami a hannu, filasta a ciki, jarida a hammata. Na ce mata saura albasa da gishiri a ɗora ta a wuta. Ta kai mini duka da carbi.

Kawu ya buɗe mata ƙofar gaba, don ya ce an fi samun sauƙi a can, mutum yana ganin hanya. Ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ki gaya wa wannan, ko a motar ubansa ban taɓa zama a gaba ba. Gaba na maza ne da marasa kunya."

"To ni fa, Sitti?"

"Ke ai an san ɓangarenki."

Ta shimfiɗa jaridarta a kujerar da ke bayan direba, inda ta saba zama tun zamanin Sidi, ta zauna. Ni na haye gaba ina jin kaina kamar matar gwamna. Kawu ya ce ba za mu bi ta Hada ba, hanyar dutsen nan mai murɗewa kamar taliya, za mu bi ta Sail, ta fi tsawo amma ta fi sauƙi.

Gaskiya motar ta burge ni. Ba ƙara, ba girgiza, sai ka ce a kan man shanu muke tafiya. Da muka hau babban titi Kawu ya danna wani abu, sitiyari ya fara motsi shi kaɗai a ƙarƙashin yatsunsa. A gaba akwai allo mai faɗi yana nuna titin da wani shuɗin layi da ke lanƙwasa tun kafin mu kai inda za a lanƙwasa. Kawu ya jingina ya zauna ƙiƙam kamar hoton fasfo. Na juya don in nuna wa Sitti abin mamaki, sai na tarar ta sunkuyar da kai, idonta a cinyarta, goshinta ya jiƙe. Ba mu ma gama wuce unguwar Shara'i da ke bakin Makka ba.

"Aku," ta ce a hankali, "leda."

Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya ba, don wataƙila wani yana cin abinci. Ya isa in ce kanumfari da lemon tsami da jarida duk sun ci amanarta a lokaci ɗaya. Kawu ya shiga gidan mai na farko da ya gani. Na riƙe ta muka shiga bayan gida na mata ta wanke fuska, sannan muka zauna a masallacin mata, ƙarƙashin na'urar sanyi. Ban taɓa lura da yadda ta ƙanƙance ba sai ranar. Ta ce wannan motar ta fi duk sauran mugunta, don sauran ko ba komai suna gurnani kafin su yi abu, wannan kuwa shiru take yi ta ɗauke wa mutum ƙasa.

Kawu ya turo mini saƙo daga waje cewa in ta huta mu fito, gida za mu koma, ba zai kashe mahaifiyarsa a kan titi ba. Na karanta mata. Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ta buɗe jakarta, ta taɓa 'yar rigar jariri da sabulun salo da ta ƙulle a leda, ta mayar ta rufe.

"Shi ke nan. Ki kai masa. Ki ce ina gaishe shi."

Ni ban iya ganin mutum cikin baƙin ciki ba. Abu ɗaya na iya, shi ne shirme. Sai na gyara zama a kan kafet, na riƙe sitiyarin iska, na turo mayafina gaban goshi kamar yadda Sidi ke turo hularsa, na kumbura murya:

"Mutanen baya, a shirya, dama ce ke tafe. Mutanen baya, ga gangara, kowa ya riƙe hanjinsa. Za mu ɗan durƙusa, wani jaki ya shigo mana da mota."

Haka yake yi. Shi ma ba ya kiran sunanta, sai ya ce "mutanen baya", ko da ita kaɗai ce a bayan. Mu jikoki mun ɗauka wasa yake yi mana. Na karkata kai dama kafin in juya sitiyarin, yadda yake yi, har da ɗan tarin nan nasa. Sitti ta yi dariya har ta riƙe ciki, sai dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe ta ce:

"Kin manta kafaɗa. Kafaɗarsa ke fara tafiya, sannan kai ya bi."

"Sitti, ke da ba kya kallonsa, ina kika ga kafaɗa?"

"A gida ne ba na kallonsa. A mota ina bayansa, wa zai gan ni?" Ta goge idonta. "Ni ban taɓa kallon hanya ba, Aku. Ƙeyarsa nake kallo tun daga Makka har Madina. In ya karkata in karkata. In ya ce za a durƙusa in dafe. Kafin motar ta yi abu, jikina ya riga ya sani."

Nan take abin ya faɗo mini. A motar baƙo ba za ta ƙura wa namiji ido ba. A motar Kawu kuwa, ɗan fari ne, ko ƙeyarsa ba za ta kalla ba. Shekara da shekaru duk motar da aka sa ta, cinyarta take kallo, motar na wurgi da ita ba sanarwa. Na fita da gudu ba takalmi na tarar da Kawu a jikin mota yana kallon ƙasa. Na zuba masa bayani rabi Hausa rabi Larabci, na ce ya ba ni dama ɗaya: allon nan yana nuna kwana kafin a kai, ni zan riƙa karantawa ina sanarwa, ina karkatawa, ita kuma ta kalle ni. Ni ai ba ɗan fari ba ce, ba kuma namiji ba, kallona halal ne har a gaji.

Ya daɗe yana dubana. Na ɗauka zai ce in daina wasa. Sai ya ce shi ma ya taɓa karantawa cewa masu ƙera irin waɗannan motoci suna fama da wannan matsalar, fasinja ya fi jin jiri in bai san abin da motar za ta yi ba, har suna gwada fitilu da motsin kujera don su riƙa faɗakar da jiki. Ya ce bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da mahaifinsa ke yi ke nan ba.

"Tayyib, na yarda," ya ce. "Amma in ta sake yi, gida."

Muka koma hanya. Na zauna a karkace yadda za ta gan ni sosai daga inda take, na kafa ido a allo, na fara aiki. "Mutanen baya, hagu ce, amma 'yar ƙarama, ba ta kai a gaya wa maƙwabta ba." "Mutanen baya, babbar mota a gaba, za mu ɗan durƙusa mu gaishe ta." In layin ya lanƙwasa sai in tura kafaɗa, kai ya bi. Da yake ni ce, ban tsaya iya abin da ake buƙata ba. Wata kwanar na karkata har na buga kai da gilashi, ƙarar ta sa Kawu ya zabura.

"A hankali, Aku," in ji Sitti daga baya. "Mai motar nan bai taɓa fasa taga ba."

Muryarta ta dawo. Na saci kallonta, ta ɗaga kai, tana karkata tare da ni kamar muna rawa ɗaya. Duwatsu baƙaƙe suka fara tasowa a gefen hanya, gari ya buɗe, har ta ce a rage sanyin motar ta ji iskar waje. Na fara lissafin yadda zan ba da labarin nan a makaranta, da yadda zan ƙara masa gishiri.

Abin da ban sani ba shi ne, wanda ya kafa ido a allo cikin mota yana tafiya, shi ma cinya yake kallo. Ni da nake alfahari cewa cikina na ƙarfe ne, ina cin shawarma a lilon wasa, sai na ji wani yawu mai ɗumi ya cika mini baki. Bayan mun wuce miƙatin Sail hanya ta fara hawa, kwanoni suka fara zuwa a jere. Na ce "Mutanen baya" sai na ji in na ƙara kalma ɗaya ba kalma ce za ta fito ba. Wani hannu ya miƙo mini leda daga baya.

"Riƙe, direba," in ji Sitti.

Na dunƙule a kujera, ido rufe, ina jin kunya da jiri suna kokawa a kaina. Ba wurin tsayawa a nan, dutse ne a gefe ɗaya, ƙarfen kariya a ɗayan. Na san wata kwanar na zuwa, na san Sitti za ta mayar da idonta cinya, na san kuma abin da Kawu ya ce: in ta sake yi, gida. Mun fi kusa da Ɗa'if a lokacin, amma na san shi, in ya ga ta galabaita asibiti zai nufa da ita, ba gidan suna ba.

Sai na ji an yi gyaran murya a gefena.

"Mutanen baya." Ya tsaya, kamar yana neman sauran a aljihu. "A shirya. Hagu ce ke tafe."

Kawu ne. Hausar ta fito a karye, da nauyin Larabci a kanta, amma kalmomin na Sidi ne, ba nawa na kwaikwayo ba. Ni 'yan shekaru na yi a motar Sidi, shi kuwa a cikinta ya girma. Ya san waɗanda ban taɓa ji ba. "Ga hawa, a taya ta da bismilla." "Wannan doguwa ce, a yi haƙuri da ita." Na buɗe ido ɗaya. Motar na nan tana tuƙa kanta, hannunsa na kan sitiyari, amma ya daina zaman hoton fasfo. Kafaɗarsa ta tafi, kai ya bi.

Na sauke madubin da ke saman kujerata kamar zan duba fuskata, na karkata shi baya. Sitti tana kallon cinyarta. Kwana ta farko ta wuce a haka, ta dafe kujera da jin maganar kawai. A ta biyu na ga idonta ya ɗago kaɗan, ya kai kafaɗarsa, ya koma da sauri kamar ta taɓa wuta. A ta uku ya ɗago bai koma ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Shi yana sanarwa, ita tana karkata, ni ina rungume da leda ina yin kamar na mutu don kada su tuna akwai mutum na uku. Ba ta sake neman lemon tsami ba. Can da hanya ta miƙe, iskar Ɗa'if mai sanyi ta fara shigowa, sai na ji ta yi magana. Ba ta ce "ki gaya wa wannan" ba.

"Yaushe ka yi furfura a ƙeya?"

Kawu bai juya ba.

"An daɗe, Inna."

"Ba wanda ya gaya mini."

Daga nan ba wanda ya ƙara cewa komai har muka shiga gari, sai sanarwar kwana. Ni ce dai na kasa haƙuri a ƙarshe na ce, tunda an sallame ni daga aikin tafinta ba sanarwa, a biya ni da shawarma. Ba wanda ya kula ni.

Sitti ta sauka daga motar da ƙafarta, ta ƙi a riƙe ta. Ni aka riƙe. Umma ta fito da gudu ta tarbi mahaifiyarta, ta gan ta garau, ta ga ni kuma kamar wankin da ba a matse ba, ta rasa wanda za ta fara yi wa sannu. Aka miƙa wa Sitti jaririn. Ta sa hanci a wuyansa ta daɗe tana shaƙa, sannan ta juya shi a hankali ta duba bayan kansa, ta gyaɗa kai kamar ta tabbatar da wani abu. Ranar suna ita ta yi masa wanka. Da aka faɗi sunan daga wajen maza, ta sunkuyar da kai kamar amarya, tana murmushi.

Bayan wannan ta yi tafiye-tafiye da dama, har Madina ta je, kullum a bayan Kawu, kullum yana sanarwa. Ba ta fara kiran sunansa ba, kuma a gida ta ci gaba da nemana in tsaya a tsakiya. Amma na lura Kawu ya fara ƙirƙiro dalilan fita da ita. Yau a je a ga teku, gobe a je a sayo zuma a wani ƙauye, alhali ga zuma a kantin ƙasan gidanmu. Ba a gayyatata, ni ma ban nemi a gayyace ni ba.

Bara Sitti ta rasu, Allah ya karɓi abarsa. Yaron nan yanzu yana gudu yana fasa kofuna, ba zai tuna wadda ta fara yi masa wankan suna ba, sai dai in na ba shi labari, kuma ya san ni, zai ɗauka ƙari ne. Ina kewarta a wurare marasa dalili: in na ga zogale, in na ji ƙamshin kanumfari, in na yi shirme a gida aka yi dariya amma ba wanda ya kai mini duka da carbi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa, amma ya zauna. Mutum yana iya jure juyi mai tsanani in akwai wanda ya damu ya gaya masa tun kafin a kai, abin da ke kayar da shi shi ne a juya da shi shiru. Na kuma gane cewa a gidajenmu akwai ƙauna mai yawa da ke zaune a ɗaki ɗaya tana jiran tafinta. Ni dai na yanke wa kaina, wanda nake so zan dube shi da kyau tun yana kusa, kada wata rana in ɗaga ido in tarar ya tsufa ban sani ba.